Maganaɗisu da ƙwayoyin nano: yadda masana ke gane abin da ke manne musu cikin jini

Yau a filin kimiyya da lafiya mun kawo muku bayani kan wani bincike da ake yi a jami'o'in Turai, Amurka da Asiya, wanda ya shafi makomar magunguna da gwajin jini. Masana suna ƙera wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, da niyyar su kai magani daidai wurin ciwo, ko su tona asirin cuta tun ba ta yi ƙarfi ba. Matsalar ita ce, da zarar ƙwayar ta shiga jini sai furotin na jiki ya lulluɓe ta, ta koma wani abu dabam da wanda aka ƙera. To ta yaya za a san abin da ya same ta a can ciki? Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka samo ita ce amfani da maganaɗisu, wanda wasunmu ke kira mayen ƙarfe. Ga yadda abin yake, daki-daki.

Mene ne ƙwayar nano?

Nano suna ne na ma'auni. In aka raba mita ɗaya gida miliyar ɗaya, kowane gida shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai ya kai wajen nanomita 80,000. Jar ƙwayar jini guda tana da faɗin nanomita 7,000 zuwa 8,000. Ƙwayoyin da muke magana a kansu kuwa yawanci daga nanomita 1 zuwa 100 suke. Don mu kwatanta: da za a ƙara wa ƙwaya mai nanomita 20 girma har ta kai ƙwayar gero, to ita ƙwayar geron, in aka ƙara mata girma daidai haka, za ta kai mita 200, wato tsawon filin ƙwallo biyu a jere.

Ana yin irin waɗannan ƙwayoyi da zinariya, da azurfa, da maiƙo, da roba. Amma waɗanda suka shafi bayaninmu na yau su ne na ƙarfe. Duk wanda ya taɓa ganin yara suna jan maganaɗisun tsohuwar sifikar rediyo cikin rairayi ya ga baƙin garin da ke manne masa. Akasarin wannan baƙin gari wani ma'adini ne da ake kira magnetit, haɗin ƙarfe da iskar oksijin. Shi ne dai ake haɗawa a ɗakin bincike, sai dai a can ana yin sa da ƙanƙanta da tsabta. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, René Massart, ya bayyana a 1981 hanyar haɗa waɗannan ƙwayoyi cikin ruwa ba tare da sun kwanta ƙasa ba, kuma har yau ana bin hanyarsa.

An zaɓi ƙarfe ne saboda dalili biyu. Na farko, jiki ya san ƙarfe, yana da hanyar narkar da shi ya yi jini da shi. Jikinmu ma yana da nasa rumbun ƙarfe, wani furotin mai suna feritin, mai faɗin nanomita 12, wanda cikinsa ke iya ɗaukar ƙwayar zarra ta ƙarfe har 4,500. Na biyu, ƙarfe yana amsa kiran maganaɗisu daga nesa, ko da fata da nama sun shiga tsakani.

Rigar da jini ke sa wa ƙwayar

Furotin shi ne abin da muka saba kira sinadarin gina jiki, wanda muke samu daga wake, gyaɗa, nono, ƙwai da nama. A cikin jiki kuwa furotin iri-iri ne, dubbai, kowane da aikinsa. A ruwan jini wanda ya fi yawa shi ne albumin, da hanta ke yi. Lita ɗaya ta ruwan jinin mai lafiya tana ɗauke da giram 35 zuwa 50 nasa. Akwai fibirinojin, mai sa jini ya daskare in an ji rauni. Akwai kuma furotin na garkuwar jiki, wanda likitocinmu ke kira antikor, mai kama ƙwayoyin cuta.

Wanda ya ratsa gona bayan kaka ya san yadda ƙarangiya ke manne wa wando. Haka furotin ke yi wa duk baƙon abin da ya shiga jini. Tun cikin shekarun 1960 wani masanin jini mai suna Leo Vroman, haifaffen Holan da ya yi aiki a Amurka, ya lura cewa abin yana da tsari: furotin masu yawa su ke fara isowa su manne, daga baya waɗanda suka fi ƙarfin riƙo su ture su su zauna. A 2007 ƙungiyar masana ƙarƙashin Kenneth Dawson ta jami'ar Dabilin, a ƙasar Ailan, ta raɗa wa wannan lulluɓi suna korona, wato rawani ko kambi da yaren Latin. Kada sunan ya ruɗe ku, ba ruwansa da cutar korona da ta addabi duniya a 2020. Kalmar ce kawai ɗaya. Mu a nan za mu riƙa ce masa riga.

Rigar ba ta ɗaukar lokaci. Wani bincike da aka wallafa a 2013 daga jami'ar Mains ta Jamus ya nuna cewa cikin rabin minti ƙwayar ta riga ta yafa furotin kusan iri 300. Kuma rigar hawa biyu ce: akwai ta ciki mai riƙo sosai, akwai ta waje mai sako-sako, wadda furotin ke shiga yana fita kamar ƴan kasuwa.

Me ya sa wannan ya dami masana? Saboda jiki rigar yake gani. In furotin na garkuwa ya manne wa ƙwayar, tamkar an yi mata shaida ce, sai hanta da saifa su tsince ta su fid da ita daga jini tun ba ta isa inda aka aike ta ba. A 2013 ƙungiyar Dabilin ɗin nan ta nuna cewa ƙwayoyin da aka ɗaura wa wani furotin don su nemo ƙwayoyin ciwon daji sun kasa gane hanya da zarar rigar ta rufe su. A 2016 kuma masana na jami'ar Toronto a Kanada, ƙarƙashin Warren Chan, suka tattara binciken shekara goma da aka yi kan dabbobi, suka tarar a tsaka-tsakin lissafi kashi 0.7 cikin ɗari kacal na ƙwayoyin da aka yi allurarsu ke isa cikin ƙarin daji. Wato in ka aiki mutum dubu, bakwai ne suka isa. Rigar furotin tana cikin manyan dalilan wannan asara, shi ya sa ake son a san kaurinta, da saurin samuwarta, da yadda za a rage ta.

Me ya sa aka koma ga maganaɗisu?

Hanyar da aka fi sabawa da ita wajen auna girman ƙwayoyin nano ita ce ta haske. Ana haska ruwan da hasken leza, a duba yadda ƙwayoyin ke watsa shi. A ruwa garau tana aiki da kyau. A jini kuwa sai ta rikice, don jini ba ya barin haske ya ratsa, kuma furotin da ƙwayoyin jini su ma suna watsa hasken, ba a iya rabe na wane da na wane.

Wata hanyar ita ce a zuba ƙwayoyin cikin jini, a jira, a tace su da injin juyawa, a wanke, sannan a duba furotin ɗin da ya rage a jikinsu. Wannan tana faɗin sunan kowane furotin, amma wankin yana tafiya da rigar waje mai sako-sako, kuma abin da aka gani bayan an fid da ƙwayar daga jini ba lallai ya zama daidai da yadda take a ciki ba.

A nan maganaɗisu ya yi rana. Ƙarfinsa yana ratsa jini da nama ba tare da wani cikas ba. Sannan jikin mutum kusan kurma ne ga maganaɗisu. Gaskiya ne akwai ƙarfe cikin jini, kuma tun 1936 Linus Pauling da Charles Coryell suka gano a Amurka cewa jan sinadarin jini, in ya rabu da oksijin, yana ɗan karkata ga maganaɗisu. Amma wannan karkata ƴar mitsitsiya ce in an gwada ta da ta ƙwayoyin magnetit. Saboda haka in aka auna, kusan muryar ƙwayoyin kaɗai ake ji, ko da suna tsakiyar jini, ba tacewa ba wanki.

Hanya biyu da ƙwayar ke juyawa

Kowace ƙwayar magnetit ƙarama tamkar allurar kamfas ce, tana da kai da gindi. In ba maganaɗisu kusa, kowace tana kallon inda ta ga dama, ƙarfinsu ya kashe na juna, ruwan ya zama kamar ba komai ciki. In aka kawo maganaɗisu sai su juyo su fuskanci wuri ɗaya, kamar sahu. In aka janye shi su sake watsewa. Wannan hali yana da muhimmanci, domin da za su riƙe ƙarfin bayan an janye, da sun manne wa juna sun toshe jijiya.

Juyawar tana faruwa ta hanya biyu. Ta farko, ƙwayar tana nan tsaye, allurar cikinta ce kawai ke juyawa, kamar mutum ya waiwaya da ido bai motsa jiki ba. Wanda ya yi bayanin wannan a 1949 shi ne Louis Néel, Bafaranshe da ya yi aiki a Girenobul, ya kuma samu kyautar Nobel a 1970, shi ya sa ake kiranta juyin Néel. Wannan juyi ba ruwansa da abin da ke waje, girman ƙarfen ciki da irinsa su ke yanke saurinsa.

Ta biyu, allurar a kafe take, dole ƙwayar gaba ɗaya ta mirgina cikin ruwan. Ana kiran wannan juyin Brown, da sunan Robert Brown, masanin tsirrai ɗan Sikotilan da ya ga a 1827 ƙananan abubuwa suna rawa cikin ruwa ba tare da an taɓa su ba. Albert Einstein ne ya yi bayanin dalilin a 1905, cewa ƙwayoyin ruwan ne ke bugun su ta kowane gefe. Wannan juyi na biyu shi ne ke tona asirin riga, domin saurinsa ya dogara kan abu uku: girman ƙwayar haɗe da duk abin da ta yafa, kaurin ruwan, da zafinsa.

Kowace ƙwaya tana bin hanyar da ta fi mata sauri. Ƙananan magnetit, waɗanda ba su kai kamar nanomita 15 ba, juyin Néel suke yi, don haka ko furotin ya manne musu ba a cika gani ba. Masu wannan bincike kan zaɓi ƙwayoyin da suka ɗan fi girma, ko dunƙulen ƙwayoyi da yawa cikin kwanso ɗaya, ko kuma waɗanda aka haɗa da sinadarin kobalt, don allurarsu ta kafe, su riƙa mirginawa da jikinsu duka.

Yadda ake awon

Ana zuba ɗan ruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin cikin ƙaramar kwalba, a sa ta tsakiyar naɗin wayar tagulla. In aka saki wuta cikin naɗin sai ya zama maganaɗisu, kuma ana iya sa shi ya riƙa sauya fuska, gaba da baya, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Yawan sauyawar a daƙiƙa shi ake kira hertz, ma'aunin nan da muka sani a jikin akwatin rediyo. Wani naɗin na biyu yana gefe yana sauraron amsar da ƙwayoyin ke bayarwa.

In sauyawar a hankali ake yi, ƙwayoyin suna bi daidai, ba jinkiri. In ta yi sauri ƙwarai, ba sa iya bi, sai su tsaya cik. A tsakani akwai wani wuri da suke bi amma suna makara, kamar mai rawa da kiɗa ya fi ƙarfin ƙafarsa. A wannan wuri ne alamar jinkiri ke hawa ƙololuwa. Mai bincike yana ta ƙara saurin kaɗan-kaɗan, kamar mai murɗa rediyo yana neman tasha, har ya gano inda ƙololuwar take. Daga nan lissafi zai ba shi girman ƙwayar.

Ga misali da alƙaluma, bisa lissafin juyin Brown, cikin ruwa a zafin ɗaki. Ƙwaya mai faɗin nanomita 50 tana da ƙololuwarta wajen hertz 3,300. In furotin ya yafa mata riga mai kaurin nanomita 5 ta kowane gefe, faɗinta ya koma 60, sai ƙololuwar ta sauko wajen hertz 1,900. In ta kai nanomita 100, sai ta faɗo wajen hertz 400. Kun ga ƙarin girma na kashi 20 cikin ɗari ya rage saurin da fiye da kashi 40, ninki biyu kuwa ya rage shi sau takwas. Dalili shi ne lissafin da cikar ƙwayar yake tafiya, tsawo da faɗi da tudu gaba ɗaya, kamar yadda tukunyar da ta ninka wata a faɗi da zurfi ke cin ruwanta sau takwas. Wannan ne ya sa hanyar ke iya jin riga mai kaurin furotin ɗaya tak, alhali shi albumin bai wuce nanomita 8 ba ta inda ya fi faɗi.

Da yake awon ba ya ɓata samfurin, ana iya maimaita shi bayan kowane ƴan mintoci, a ga yadda rigar ke girma. Ana iya ƙara furotin kaɗan-kaɗan a ga inda girman ya tsaya, wanda ke nuna jikin ƙwayar ya cika, daga nan a ƙiyasta ƙarfin riƙon. Ana kuma iya gwada ƙwaya tsirara da wadda aka shafa wa kariya, misali wani sinadari mai santsi da ake kira PEG, ko wani nau'in sukari mai suna dekistiran, a ga wadda furotin ya fi ƙyalewa.

Sauran hanyoyin awo

Akwai hanya ta biyu da masana a Balin, babban birnin Jamus, suka bunƙasa cikin shekarun 1990, musamman a cibiyar ma'aunai ta ƙasar da ake kira PTB. A nan ana kunna maganaɗisu na ɗan lokaci har ƙwayoyin su yi sahu, sai a kashe shi farat ɗaya, a saurari yadda ƙarfin ke dushewa. Ƙwayoyin da ke yawo a sake suna watsewa nan take. Waɗanda suka kama wani babban abu, ko suka manne a jikin nama, ba sa iya mirginawa, sai sun jira juyin Néel, don haka muryarsu kan daɗe har daƙiƙoƙi. Ta haka ake ƙirga waɗanda suka kama ba tare da an wanke waɗanda ba su kama ba. Alamar ba ta da ƙarfi, shi ya sa akan yi amfani da wata na'ura mai ji ƙwarai da ake kira SQUID, wadda yawanci sai an sanyaya ta da ruwan iskar heliyom har digiri 269 ƙasa da sifiri.

Hanya ta uku ta samo asali ne daga aikin Bernhard Gleich da Jürgen Weizenecker na kamfanin Philips a Hambog, waɗanda suka bayyana a 2005 sabuwar dabarar ɗaukar hoton ƙwayoyin maganaɗisu cikin jiki. A nan ana buga ƙwayoyin da maganaɗisu mai ƙarfi, mai sauyawa wajen sau 25,000 a daƙiƙa, har amsarsu ta karkace ta fito da ƙarin muryoyi a saman ta asali. Yadda muryoyin nan suka jeru yana sauyawa in furotin ya kama ƙwayar, kuma awon ba ya wuce ƴan daƙiƙoƙi.

Hanya ta huɗu ba ƙwayoyin take saurare kai tsaye ba, ruwan da ke kewaye da su take saurare, da irin dabarar na'urar hoton asibiti da muka sani da IRM. A 2002 ƙungiyar Ralph Weissleder a Bostan ta Amurka ta nuna cewa in abin da ake nema ya sa ƙwayoyin suka dunƙule, alamar ruwan tana sauyawa yadda za a iya aunawa. Daga wannan dabara aka ƙera wani gwajin jini mai suna T2Candida, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2014, wanda ke gano wata cutar fungas cikin jini a ƴan awoyi maimakon kwanaki.

Abin da awon ba ya iya faɗi

Kowace hanya da iyakarta. Abu na farko, maganaɗisu yana faɗin cewa ƙwayar ta yi nauyin juyawa, amma ba ya faɗin sunan furotin ɗin da ya hau ta. Don sanin suna dole a koma ga tacewa da na'urorin tantance sinadarai.

Na biyu, kaurin ruwa ma yana rage saurin juyi. Juya ludayi cikin ruwa da juya shi cikin kunu ba ɗaya ba ne. Ruwan jini ya fi ruwan sha kauri, don haka in ba a auna kaurin dabam an cire shi daga lissafi ba, sai a ɗauka riga ce alhali kauri ne. Zafi ma haka: awon da aka yi a digiri 20 ba a haɗa shi kai tsaye da na digiri 37, zafin jikin mutum.

Na uku, gishirin da ke cikin jini da wasu furotin suna iya sa ƙwayoyin su manne wa juna. Ƙwaya biyu da suka haɗe suna iya yin kama da ƙwaya ɗaya mai riga mai kauri. Masu bincike kan duba siffar ƙololuwar don rabewa: riga takan matsar da ita kaɗan, dunƙulewa kuwa takan baje ta ta ja ta nesa. Na huɗu, ƙwayoyin da aka haɗa ba sa fitowa girma ɗaya, kamar yadda tsabar dawa ba ta zama daidai wa daida, don haka lissafin dole ya yi la'akari da manya da ƙanana. Saboda waɗannan dalilai, binciken kirki yakan haɗa awon maganaɗisu da wasu hanyoyin, ba ya tsayawa kan ɗaya.

Ina amfanin ya kai yanzu?

Akwai magungunan irin wannan da tuni ake amfani da su. A 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata allura mai suna Feraheme don masu ƙarancin jini saboda ciwon ƙoda. Ƙwayoyin ƙarfe ne da aka lulluɓe da wani nau'in sukari. A 2015 hukumar ta ƙara mata gargaɗi mai tsanani, saboda jikin wasu marasa lafiya yana ƙin ta har abin ya kai ga haɗarin rai. Wannan ya nuna cewa haɗuwar ƙwayar da garkuwar jiki magana ce ta rai da mutuwa. A Turai kuma an amince a 2010 da wata hanya mai suna NanoTherm, inda ake zuba ƙwayoyin ƙarfe cikin ƙarin ƙwaƙwalwa, a kaɗa su da maganaɗisu har su yi zafi su raunana ƙarin.

Mu a nan ma haɗuwar ƙwayar nano da furotin ba baƙuwa ba ce, ko da ba mu san sunanta ba. Gwajin nan na zazzaɓin cizon sauro, TDR, da ake yi a ɗakunan shan magani na karkara da ɗigon jinin yatsa, jan layin da ke fitowa a jikinsa yawanci ƙwayoyin nano ne na zinariya da aka ɗaura wa antikor. In akwai furotin na ƙwayar cutar cikin jinin, sai su kama shi su taru a layin har ido ya gani. Masana suna gwada maye gurbin zinariyar da ƙwayoyin ƙarfe, don maganaɗisu ya tattaro furotin ɗin daga jini mai ɗan yawa, na'ura kuma ta ƙirga adadinsa ko da ya yi ƙanƙantar da ido ba zai ga layi ba.

Akwai dalilin neman sababbin hanyoyi. Furotin ɗin da akasarin TDR ke nema sunansa HRP2, kuma an samu ƙwayoyin cutar da suka daina yin sa. An fara ba da rahoton haka daga ƙasar Peru a 2010, kuma a 2016 Eritiriya ta sauya irin gwajin da take amfani da shi saboda wannan matsala. To ga wani abin mamaki: ita ƙwayar cutar zazzaɓin da kanta tana ƙera abin da maganaɗisu ke ji. In ta shiga jar ƙwayar jini tana cinye jan furotin ɗin, sai ragowar mai ƙarfe ta zame mata guba, don haka take dunƙule ta ta zama ƴan ƙananan duwatsu masu siffar sanda da ake kira hemozoyin. In aka kawo maganaɗisu sai sandunan su yi sahu su tare hasken da aka haska cikin jinin. Wani kamfanin Amurka, Hemex Health, ya ƙera na'ura mai suna Gazelle bisa wannan dabara, mai ba da sakamako cikin kamar minti ɗaya. Irin waɗannan na'urori ba su maye gurbin TDR da duban jini da madubin likita ba, waɗanda har yanzu su ne abin dogaro a asibitocinmu.

Abin lura ga jama'a

Kalmar nano da kalmar maganaɗisu sun shiga bakin ƴan talla. Ana ganin awarwaro, zobe, kofi da katifa da ake cewa wai suna tsarkake jini ko suna jawo cuta daga jiki, wasu ma ƴan uwa na ƙetare kan sayo su da tsada su aiko gida da kyakkyawar niyya. Bayanin da ya gabata ya isa amsa: ƙarfen da ke cikin jininmu ba ya bin maganaɗisu yadda ƙusa ke bi, shi ya sa ma masana sai sun zuba nasu ƙwayoyin kafin su ji wani abu. Mai ƙarancin jini, ko hawan jini, ko zazzaɓi, ya je asibiti a auna shi, kada ya bar maganin likita don awarwaro. Kuma kada kowa ya sha garin ƙarfe ko baƙin rairayi da sunan magani. Ƙwayoyin asibiti an tsabtace su, an auna girmansu, an gwada su shekara da shekaru kafin a sa wa mutum.

Ga matasanmu masu karatun kimiyya a jami'o'in Yamai, Maraɗi da Damagaram kuwa, abin sha'awa a wannan fanni shi ne na'urar awon farko da muka bayyana ba ta buƙatar sanyin heliyom. Naɗin waya ne, da wuta, da na'urar sauraro, da lissafin da ake koyarwa a ajin fiziks. Wahalar tana wajen samun ƙwayoyi masu kyau da kuma fassara sakamakon da hankali.

Wanda yake da tambaya kan wannan batu, ko yana son mu yi bayanin wani fannin kimiyya, ya aiko mana da saƙo. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu ita lafiya. Mu kwana nan.